Faifan da Clovis Bai Rufe Ba

Ku da kuke ta rubuto mini cewa Alcide mutumin kirki ne, wai in daina gara bawan Allah, to ku gyara zama. Musamman ke Bernadette ta Opelousas, da kika ce mace mai shekara sittin da huɗu ta gode wa Allah idan ta samu mai ƙwanƙwasa mata ƙofa. Na ji, na gode. Ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki sake buɗe baki.

Waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Eula Fontenot, a garin Mamou nake, cikin gidan da aka kawo ni ina amarya. Daga aji shida na bar makaranta na shiga ɓarar jatan lande, saboda haka mai neman kalmomi masu ƙyalli ya ƙara gaba. Da yatsa ɗaya nake danna wannan a waya, kuma haƙƙina nake nema, ba tausayi ba.

Mijina Clovis shekararsa biyu a ƙasa. Bakanike ne a jiragen ruwan da ke kai kaya rijiyoyin mai. Da ya ajiye aiki sai ya raba ransa biyu, rabi goge, rabi kwamfuta. Kwamfutar nan ba a kanti ya ɗauko ta ba. Gunduwa-gunduwa ya riƙa yin odarta, ya haɗa ta da hannunsa a kan teburin kicin ɗina, wata biyu muna cin shinkafa a kan cinya. Har gilashi ya sa mata a gefe don a riƙa ganin hanjinta, wai ado.

Da likita ya gaya masa abin da ya gaya masa, sai ya tsiri shiga ɗakin baya ya turo ƙofa. Ya ja goge, ya tsaya ya yi surutu, ya sake ja. Duk abin da ya ɗauka a faifai guda ya zuba, yana zubawa yana sharewa daga cikin kwamfutar wai kada ta yi nauyi. Kiɗa goma sha ɗaya ne, tsakaninsu kuma da ni yake magana. "Eula, wannan ne kika taka mini ƙafa a kansa a bikin Theo." Irin wannan. Duk duniya babu inda muryar mutumin nan ta rage sai a wannan faifan.

Kowace Lahadi in na dawo coci, sai in sa silifas, in yaye mayafin saƙa da nake rufe kwamfutar da shi, in saka faifan, in bar ƙofa a buɗe. Ina girki yana yi mini hira. Asabar ɗin nan kuma Ranar Dukan Tsarkaka ce. Za mu wanke kaburbura mu shafe su da farar ƙasa yadda aka saba, daga makabarta dangi duka gidana za su zo cin gumbo, miyarmu ta kuɓewa da jatan lande. Yayyen Clovis mata biyu za su taho daga Texas, ɗayar a keken guragu, kuma ba su taɓa jin faifan ba. Na yi musu alkawari.

Shi kuwa Alcide Guidry, wata bakwai ke nan yana mini sintiri. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ya yi ritaya daga gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Kullum riga a goge har karin yana iya yanka mutum, biro biyu a aljihu, turare kamar an fasa kwalba, boudin mai zafi a takarda, wato hanjin da ake ɗura wa nama da shinkafa. A watan Agusta ya cire hula a baranda ya ce yana son aurena. Na ce ya bari Ranar Tsarkaka ta zo zan ba shi amsa. Tun daga nan 'yata Nadine ba ta bar kunnena ya huta ba.

"Mama, mutum da gidansa, da haƙoransa, ba ya shan giya. Me kike jira?"

"Tunda har haƙoransa kin ƙirga, saki naki ki aure shi."

Matsalar daga tiren da ake ɗora faifai ta fara. In an danna maɓalli sai ya yi gurnani ya ƙi fitowa. Ni ban ɗauki abin da zafi ba. Akwai ɗan rami a ƙasansa, in na zura fil ɗin gashi sai ya turo baki, in ja shi da hannu. Wata huɗu muna haka lafiya lau, sai ranar da Nadine ta same ni a durƙushe.

"Haba Mama! Ki bar Mista Alcide ya duba mana. Shekara talatin yana gyara."

"Kwamfutar ubanki firji ce?"

"Waya ai waya ce."

"Babu mai taɓa ta."

Da bakina na faɗa, ku ne shaida. Asabar da ta wuce ina zaune a shagon Verna, kaina cike da robobin naɗe gashi, sai ga saƙo.

*Madam Eula, barka da hantsi. Nadine ta buɗe mini ƙofa. Ɗan mai kawai na ɗiga wa tiren. Yanzu sumul yake fita. Naki, A. Guidry.*

Har da hoton fure uku. Na yunƙura zan tashi da robobin a kaina, Verna ta danne ni a kujera. Da na koma gida babu kowa. Boudin a kan tebur, mayafin kwamfuta an mayar da shi a karkace. Na danna maɓalli, tire ya fito shiru kamar ɓarawo. Na ce to. Har 'yar kunya na ji, Allah ya sani.

Lahadi na dawo coci cikin shuɗiyar rigata mai farin wuya, na ɗora albasa a wuta, na saka faifan. Ya yi juyi, 'yar fitilar ta ƙifta, ya tsaya. Ya sake juyi, ya sake tsayawa. Sai wani akwati ya fito a fuskar kwamfutar.

*Babu komai a wannan faifan. A share shi a shirya shi don sabon aiki?*

A ƙasa, *Eh* da *A'a*.

Karatuna ba shi da sauri, amma "babu komai" na san shi. Na janye hannuna daga maus kamar na taɓa garwashi. Na fito da faifan, na hura masa iska, na goge shi da gefen rigata, na mayar. Babu komai. Na kashe kwamfutar daga bango na kunna. Babu komai. Albasa ta ƙone ƙurmus, hayaƙi ya cika gidan, ban ma ji ba.

Na rubuta masa: *Zo.*

Minti goma sai ga shi da kayan coci da ƙaramar jakar aikinsa.

"Eula, lafiya? Wani abu na ƙonewa."

"Ni ce. Shiga ka gani."

Ya kalli akwatin. Ku saurara da kyau a nan: bai yi mamaki ba. Wanda ya ga abu karon farko yakan matso da fuska, ya ce "a'a?" Shi kuwa sai ya ciro hankici ya share wuya.

"Wataƙila idon ne ya yi ƙura," in ji shi.

Ya naɗa auduga a tsinke ya goge idon da ke karanta faifai. Babu. Ya kwance gilashin gefe, ya zare faffaɗar waya ya hura ya mayar, ya zare ta wuta ya mayar. Babu. Ya shiga wani shuɗin allo mai rubutu birjik, ya nuna mini da biro wai kwamfuta tana ganin gidan faifan, wato na'urar da ke karanta shi, sarai.

"Kawo wani mu gwada."

Na kawo na bikin Nadine da mai hoto ya yi. Ya kama. Na kawo na waƙoƙin Kirsimeti. Ya kama, har ƙararrawa. Na kawo na motsa jiki da likita ya ba ni ban taɓa buɗewa ba, sai ga wata siririya tana tsalle.

"Ikon Allah," na ce. "Kowa yana da baki a gidan nan sai maigidan."

"To kin gani, ba na'urar ba ce. Faifan ne ya tsufa. Ko ya karce. Kina da man goge baki? Akan ɗan shafa..."

Ya miƙo hannu. Na make hannun.

"Ka shafa wa naka bakin."

Bai dube ni ba har ya fita. Boudin ɗin jiya ma na tura masa a jaka.

Sai da ya tafi wata magana ta dawo mini. Wata guda kafin nan na gayyace shi abincin Lahadi, Clovis yana kiɗa na huɗu daga ɗakin baya. Alcide ya ajiye cokali ya ce, "Eula, yau ɗaya ba za mu ci abinci mu biyu ba?" Na ce ai mu biyu ne. Ya ce, "Mu uku ne." Ya yi dariya, ni ma na yi. Yanzu da na tuna, dariyar tasa ba ta kai ido ba.

Litinin da safe na ja labule rana ta shigo sosai, na sa tabarau, na durƙusa a gefen gilashin. Ban san sunan komai a cikin kwamfuta ba, amma na san hannun mijina. A jirgin ruwa, duk notin da bakanike ya ɗaure sai ya ɗiga masa fenti, don in ya motsa ko wani ya taɓa a gane. Clovis bai taɓa barin wannan ɗabi'ar ba. A gida babu fenti kusa, sai jan farcena. Kwalba uku ya ƙarar mini, mun yi faɗa a kai ba sau ɗaya ba. Injin yankan ciyawa, ƙafar gado, marfin tukunya, duk da ɗigon ja. Cikin kwamfutar ma haka, kowane noti da jan kansa kamar ɗan zakara.

Sai huɗu. Huɗun da ke riƙe da gidan faifai fari tas suke, suna walƙiya. A ƙasan cikin kwamfutar kuma ga ɓarɓashin ja.

Wanda ya ɗiga mai ba ya kwance noti huɗu. Na ƙara duba fuskar gidan faifan. Na Clovis baƙinsa ya koɗe, akwai tabon kofi a kusurwa. Wannan baƙi ne wuluk kamar takalmin ango.

Na kwashe ɓarɓashin da takarda na zuba a ɗan faranti, na kife kofi a kai. Sai waya.

*Madam Eula, ina kwana. Jiya ban runtsa ba. Ko in zo da rana mu sake gwadawa?*

Ban amsa ba. Sai Nadine.

*Mama kar ki ɗora wa Mista Alcide. Faifai yana lalacewa ai. Wataƙila ma alama ce.*

Alama. Wa ya gaya mata faifan ya lalace? Ni dai ban kira ta ba. Na ajiye wannan ma a gefe, kusa da farantin.

Laraba na naɗe faifan a tawul na tuƙa zuwa garin Eunice, shagon Hanh mai gyaran kwamfuta. Mace ce mai kamar shekara hamsin, mahaifinta masuncin jatan lande ne, tare muka yi aiki da uwarta. Ba ta da yawan gaisuwa, shi ya sa nake sonta. Ta ɗaga faifan a hasken taga, ta karkata shi nan, ta karkata shi can.

"Babu karce. Wa ya yi shi?"

"Mijina."

"A kwamfutar da ya haɗa?"

"Ita."

"Lokaci guda ya zuba, ko kaɗan-kaɗan?"

"Wata takwas yana yi."

Ta saka a tata na'urar, akwatin nan ya fito mata ita ma. Ta danna *A'a* da sauri ta zare.

"Madam Eula, masu haɗa nasu a gida haka suke. In suna zuba abu kaɗan-kaɗan, ba sa rufe faifan, suna barinsa a buɗe don gobe su ƙara. Faifan da ba a rufe ba kuwa sau da yawa ba ya yarda da kowa sai na'urar da ta rubuta shi. Baƙuwa ta gan shi sai ta ce fanko ne."

Don gobe ya ƙara. Sai da na nemi kujera.

"An canza na'urar, ko?" in ji ta.

"An ce mini mai aka ɗiga."

Ta dube ni ta saman tabarau.

"To yana nan ko ba ya nan?" na ce.

"Kin danna *Eh*?"

"Ban danna ba."

"Wani fa?"

"Wannan ne ban sani ba," na ce.

"Wannan irin wanda ake gogewa ne a sake rubutu. In an danna, ya tafi. Ina ganin zoben rubutu a jikinsa, amma ba zan rantse miki ba sai an mayar da shi cikin tsohuwar. Ki nemo ta. In ya kama, a take ki kwafe shi wuri uku, kar ki tsaya kuka."

A cikin mota na rubuta musu saƙo iri ɗaya: *Gobe ƙarfe goma, kicin ɗina.*

Nadine ta ce, *Mama ina da aiki fa.* A asibitin haƙori take karɓar baƙi a Lafayette.

Na ce, *Ki ce musu wani zai kwanta asibiti a gidanku. Ba ƙarya kika yi ba.*

Yau Alhamis ke nan. Na sa baƙar rigar da na je jana'izar Clovis da ita, da gangan. Ban dafa kofi ba. Alcide ya riga zuwa, hula a hannu, babu boudin, turaren ma yau an rage. Nadine ta shigo da kayan aikinta masu ruwan hoda, gashi a ɗaure baya, tana ta wasa da makullin mota. Na zaunar da su gefe guda. Na ajiye farantin a tsakiya na ɗage kofin.

"Mene ne wannan, Mama?"

"Shi ya sani."

Alcide ya kalli ɓarɓashin ya daɗe.

"Na ɗauka tsatsa ce," in ji shi a hankali.

"Tsatsa mai ƙyalli? Jan farcena ne, malam mai gyara. Ɗan mai kawai, ko?"

"Eula, bari in..."

"Madam Eula," na gyara masa. "Yau ba mu saba ba."

Ya gyara zama. "Madam Eula. Na buɗe tsohuwar, 'yar robar da ke jan tiren ta narke, ta marmashe a hannuna. Dama na sayo sabuwa tun sati biyu, ina so in yi miki bazata. Na ce sabo ya fi tsoho. Na saka."

"Ka gwada faifan?"

"Na gwada."

"Ka ga akwatin."

"Na gani."

"Amma ranar Lahadi ka tsaya kana mini wasan kwaikwayo da auduga, har da man goge baki, ina tsaye ina kallonka. Ina tsohuwar?"

Ya kalli hularsa.

"Ka jefar?"

"Ban jefar ba."

"Tana gidanka?"

"Ba ta gidana."

Bai kalli Nadine ba. Ƙoƙarin da ya yi na kada ya kalle ta shi ya tona ta, wuyansa ya sandare kamar na wanda ya kwana a kujera. Makullin mota ya daina ƙara.

Na juya. "Nadine Marie."

"Tana but ɗin motata," in ji ta.

Ni da na zo da shirin yanka mutum ɗaya.

"Shi ya ce zai mayar a take, Mama. Ni na ce ya bari. Ni na sa shi ya yi alkawarin ba zai faɗa ba."

"Muryar ubanki. Kwana biyar a but, cikin wannan rana, tare da takalman ƙwallon yaranki."

"Ba muryar ba ce, na'urar ce kawai..."

"Rufe mini baki! Don ki aurar da ni ki huta, shi ne za ki sake binne shi?"

Ta miƙe tsaye har kujera ta faɗi. "Shekara biyu, Mama! Kin taɓa tambayar kanki me ya sa ba na zuwa ranar Lahadi? Ina zuwa. Ina tsayawa a bakin titi, in ji gogen Baba ta taga, in juya mota in koma Lafayette ina kuka, yara na tambayata. Ke kina samunsa duk mako. Ni duk mako sai ya sake mutu mini. Na ce ko wata ɗaya ne gidan nan ya yi shiru, in shigo in ci abinci da uwata. Na yi niyyar mayarwa."

"Yaushe?"

Ta sunkuya ta ɗaga kujerar.

"Bayan an ɗaura aure?"

"Ban sani ba."

"Da bakinki fa. Da kin ce Mama kashe, da na kashe."

Tsakanina da ku, ban tabbata da na kashe ba. Amma haka na faɗa, kuma ban janye ba.

"Ɗauko," na ce.

Ta kawo ta a cikin ledar kanti, da ɗumi kamar burodi. Ga tabon kofi a kusurwa. Muka shiga ɗakin baya mu uku. Na tsaya a kan Alcide, ko numfashi ya ja ina gani. Ya kwance farin noti huɗu, ya zare sabuwar ya ajiye a ƙasa. Ya buɗe cikin tsohuwar, ya nuna mini 'yan ƙafafu biyu da robar ke haɗawa.

"Sai an samu roba ƙarama. In ba haka ba tiren ba zai ja faifan ya zauna daidai ba."

Na zazzage durowa, duk robobina manya ne. Nadine ta kai hannu ƙeya ta zare 'yar siririyar baƙar roba daga jelar gashinta, gashin ya zubo mata a fuska. Ya naɗa ta sau biyu. Robar ta zauna daram.

Ya mayar, ya haɗa faffaɗar waya, ya haɗa ta wuta. Sukudireba ta zame masa sau biyu. Ya kunna. Fanka ta tashi. Ya kai yatsa zai danna maɓalli.

"Matsa," na ce.

Ni na danna. Tire ya yi gurnaninsa na da, ya yi kamar ba zai fito ba, ya fito. Na ɗora faifan. Ya shige.

Juyi. Fitila ta ƙifta. Ya tsaya.

Na ji Nadine ta ce "Yesu" a ƙasan maƙoshi.

Ya sake juyi, wannan karon da wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ya yi ƙasa, ya yi sama. Ina kallon fuskar kwamfutar ina jiran akwatin nan. Na riga na yanke a raina, in ya fito, daga yau ba ni da 'ya, ba ni da manemi.

Sai aka yi gyaran murya.

"Eula? Kina ji? Ban san ko abin nan ya kama ba. To, bari dai mu gani."

Goge ya shigo.

Ban yi kuka ba, Hanh ta hana. Na kama Nadine a hannu kafin ta gudu, na zaunar da ita a kujerar ubanta. "Kwafe. Cikin kwamfuta, cikin wayata, cikin taki." Ta yi, hawaye na ɗiga a kan madannai, ina ƙirgawa da ita har goma sha ɗaya. Sai da na ji shi ya fito daga wayata da kunnena sannan na sake ta.

"Asabar ke kaɗai za ki shafe kabarinsa, shafi biyu. Gwaggonninki kuma ke za ki gaya musu abin da kika yi, ba ni ba. Lahadi ki zo cin abinci. Zan kashe daga sha biyu zuwa biyu. Ƙarfe biyu da minti ɗaya zan kunna, ki san inda za ki sa kanki."

Ta gyaɗa kai, ta rungume ni ta gefe kamar mai tsoron a cije ta, ta tafi aiki da gashi a sake.

Saura shi. Yana tattara kayan aikinsa a hankali, yana goge kowanne da hankici, irin na wanda ba ya son ya gama. Na bari har ya kai baranda.

"Alcide."

Ya juyo da sauri, jin na ajiye masa "malam".

"Ranar Asabar da akwatin nan ya fito maka, Nadine tana ɗakin?"

"Tana waje tana waya."

"Kai kaɗai ne."

"Ni kaɗai."

"Ka san abin da *Eh* take yi?"

"Na sani."

"Ina hannunka yake?"

Ya juya hular a hannunsa zagaye guda. Wata motar ɗaukar shinkafa ta wuce, ya bi ta da ido har ta sha kwana. Da ya ce mini a kan *A'a*, da na karɓa, don ba ni da yadda zan gane.

"A kan *Eh* yake," in ji shi. "Na kai minti biyar. Na ce a raina dannawa ɗaya ce, a ce faifai ya tsufa, babu wanda zai taɓa sani."

"Me ya hana ka?"

"Ina so in ce miki tsoron Allah ne, Eula." Ya ɗago ya dube ni, karon farko tun Lahadi. "Nadine ce ta shigo."

"Da ba ta shigo ba fa?"

"Kwana biyar ke nan ina tambayar kaina."

Wannan ce gaskiya ta farko da mutumin nan ya gaya mini tun Asabar, kuma ta fi duk ƙaryarsa muni. Babu wanda ya tilasta shi. Jibi yake jiran amsata, ya san haka, ya kuma faɗa.

Na koma ciki na dafa kofi, na zuba kofi ɗaya, na miƙa masa ta bakin ƙofa. Na ja ƙofar raga na sa mata sakata.

Yanzu da nake danna wannan, Clovis yana kiɗa na bakwai, na ƙure masa murya har taga tana rawa. Alcide yana zaune a kan lilon baranda, hula a gwiwa, kofi ya huce a hannunsa, yana ji. Awa biyu ke nan. Ban ce ya shigo ba. Ban kuma ce ya tafi ba.